Tsofaffin Wasannin Bidiyo: Mai Kaya Ya Ƙi Sayarwa, Ya Kuma Hana A Adana

Duk wanda ya taso a Kano, Kaduna, Zariya ko Maraɗi a shekarun 2000 ya san gidan gem. Shago ne ɗan ƙarami, talabijin biyu ko uku a jere, benci a gabansu, janareta na ruri a bakin ƙofa, samari sun cika wurin suna jiran layi ya zo kansu su buga ƙwallo a PlayStation 2. Wanda aka lallasa ya miƙa fad ya koma gefe. Har yau ana samun irin waɗannan shaguna a unguwanni, amma na'urar ta tsufa. Kamfanin Sony ya fito da ita a 2000, ya sayar da fiye da miliyan 155, ya kuma daina ƙera ta a farkon 2013. Waɗanda suka rage suna numfashi ne da taimakon masu gyara, da ke ciro idon wadda ta mutu su dasa wa mai sauran kwana.

Ƙannen waɗancan samari kuwa a waya suke buga tasu ƙwallon. Akwai wata manhaja mai suna PPSSPP da ta zama ruwan dare a wayoyin matasa, wannan ya tura wa wancan ba tare da an ƙona data ba. Wasannin da take kunnawa na PSP ne, wata ƙaramar na'urar hannu da Sony ya fitar a 2004, ya yi sallama da ita bayan shekara goma. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, shi ya fara rubuta manhajar, ya sake ta kyauta a 2012. Yaron da ke zaune a dakali yana murza gilashin wayarsa bai san cewa a kan irin abin da ke hannunsa aka shafe fiye da shekara ashirin ana gwabzawa a kotunan Amurka ba.

Tushen rigimar shi ne wanda ke da iko da wasan da ya tsufa. Kamfanonin da suka yi shi sun ce su ne, kuma doka na bayansu. Sai dai mafi yawan waɗannan wasanni kamfanonin ba sa sayar da su, ba sa gyara na'urorin da ke kunna su, ba sa kuma son wani ya adana su. Wannan ba adalci ba ne, kuma ya kamata a faɗa musu haka ƙarara.

Littafin da aka buga shekara ɗari da suka wuce ido kawai yake buƙata. Wasan bidiyo kuwa jerin umarni ne da aka rubuta wa ƙwaƙwalwar wata na'ura guda, da yaren da ita kaɗai take ji. Ranar da na'urar ta mutu, faifan ya zama abin rataye a bango. Hanya biyu ce ke tsawaita masa kwana. Ta farko ita ce kamfani ya ƙera sabuwar na'urarsa yadda za ta karɓi faifan tsohuwa. Ta biyu ita ce manhajar kwaikwayo, wadda 'yan gem ke kira emuleta. Aikinta aikin tafinta ne: tana karɓar kowane umarni da aka rubuta wa tsohuwar na'ura, ta juya shi nan take zuwa yaren waya ko kwamfuta, ta kwaikwayi hoto da sauti da saurin da tsohuwar ke tafiya da shi. Mafi yawan masu rubuta irin wannan manhaja 'yan sa kai ne. Nicola Salmoria ɗan Italiya ya fara MAME a 1997 domin ceto wasannin manyan injinan nan da ake jefa wa sulalla a wuraren shaƙatawa, yau tana kunna dubbai. Dolphin, mai kunna wasannin GameCube da Wii, tun 2003 ake aikinta.

Girman matsalar ya fito fili a watan Yulin 2023, lokacin da Gidauniyar Tarihin Wasannin Bidiyo ta Amurka, wadda Frank Cifaldi ya kafa, ta fitar da sakamakon binciken da Phil Salvador ya jagoranta. Binciken ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 babu su a kasuwa, ba a faifai ba, ba a shagon intanet ba. Na PlayStation 2, na'urar da ta fi kowace kasuwa a tarihi, kimanin kashi 12 ne kawai ake iya saye. Mai son sauran sai dai ya nemi tsohon faifai da tsohuwar na'ura a hannun 'yan gwanjo, ko ya yi tattaki zuwa wani ɗakin adana tarihi, ko ya bi ta hanyar da doka ta hana.

Kamfanoni kan ce fasaha ce ke ɗaure musu hannu. Tarihinsu bai goyi bayan wannan magana ba. Lokacin da PlayStation 2 ta fito, tana ɗauke da ƙwaƙwalwar PlayStation ta farko a cikinta, don haka kusan duk tsohon faifai yana kamawa. Wannan na cikin abin da ya ja mata kasuwa, domin mai saye ya san ba zai yi asarar abin da ya tara ba. Da PlayStation 3 ta zo a ƙarshen 2006, samfuran farko sun zo da ƙwaƙwalwar PlayStation 2 a ciki, babbar cikinsu ana sayar da ita dala 599. Tsadar ta kori masu saye, kamfanin ya shiga neman inda zai rage kashe kuɗi, kafin ƙarshen 2007 ya fito da samfurin da ba ya karɓar faifan PlayStation 2 sam. PlayStation 4 ta 2013 ba ta karɓi faifan ko ɗaya daga cikin yayyenta uku ba. A 2017 Jim Ryan, wanda daga baya ya shugabanci sashen PlayStation, ya shaida wa mujallar Time cewa mutane na yawan neman wannan dama amma ba sa amfani da ita sosai, ya kuma yi mamakin abin da zai sa wani ya buga tsofaffin wasannin tseren mota na Gran Turismo da ya gani a wani baje koli.

A Microsoft ma an yi irin wannan tunani. A 2013 shugaban Xbox na lokacin, Don Mattrick, ya nuna cewa mai waiwayen tsofaffin wasanni shi ne wanda zamani ya bari a baya. Amma da Xbox One ta sha kashi a kasuwa a hannun PlayStation 4, sai ra'ayi ya sauya. A watan Yunin 2015 Phil Spencer na Xbox ya hau dandalin baje kolin E3 a birnin Los Angeles ya sanar cewa Xbox One za ta fara kunna wasannin Xbox 360, zauren ya kaure da tafi. Ƙwaƙwalwar na'urorin biyu ba yare ɗaya suke ji ba, don haka injiniyoyin kamfanin suka zauna suka rubuta emuleta. Mutum ya zura tsohon faifansa, na'urar ta gane shi, ta sauke kwafin da aka gyara mata, ya ci gaba da wasa ba tare da ya sake biyan ko sisi ba. An fara da wasanni 104 a watan Nuwamban shekarar, aka wuce 600, aka kuma ƙara wasu na Xbox ta farko. Abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu cikin shekara biyu, da zarar an ga akwai ciniki a ciki.

Wannan darasi ya shiga kunnen kowa. PlayStation 5 ta 2020 tana kunna kusan duk wasannin PlayStation 4. Switch 2 da Nintendo ya fitar a watan Yunin 2025 tana karɓar mafi yawan wasannin Switch ta farko. Ci gaba ne da ya cancanci yabo. Amma alherin kamfani yana da iyaka, kuma kamfanin ne ke shata iyakar. A watan Nuwamban 2021 Microsoft ya ƙara wasanni 76 ya ce daga su ya rufe, saboda matsalolin lasisi da doka da fasaha. Dubban wasannin Xbox da Xbox 360 aka bari a waje.

Batun lasisi shi ne ƙashin da ya fi maƙalewa a wuya. Wasan ƙwallo yana ɗauke da sunayen 'yan wasa da tambarin ƙungiyoyi, na tsere yana ɗauke da motocin kamfanoni da waƙoƙin mawaƙa, kuma duk hayarsu aka yi na 'yan shekaru. Wa'adi na cika sai a janye wasan daga kasuwa. GoldenEye 007, wanda ya yi tashe a 1997, sai a watan Janairun 2023 ya dawo, saboda igiyarsa na hannun Nintendo da Microsoft da masu haƙƙin finafinan James Bond, kowa na ja.

Wasannin PlayStation 3 kuwa har yanzu PlayStation 5 ba ta kunna su da kanta. Ƙwaƙwalwar waccan na'ura, mai suna Cell, tana da wuyar kwaikwayo, sai Sony ya zaɓi wata hanya: wasan ya riƙa gudana a kwamfutocin kamfanin can nesa, hotonsa kawai ake turo wa mai wasa ta intanet, shi kuma yana biyan kuɗin wata-wata. Wannan na buƙatar intanet mai ƙarfi da ba ya yankewa, kuma a wasu ƙasashe kawai ake yi. Ga matashin da ke lissafin data da cajin waya kafin a ɗauke wuta, wannan ƙofa a rufe take. Alhali 'yan sa kai sun rubuta RPCS3, wadda ke kunna da yawa daga waɗannan wasanni a kwamfuta.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin shagunan intanet ma rufe su ake yi. Nintendo ya rufe na Wii a watan Janairun 2019, na Wii U da 3DS a ranar 27 ga Maris 2023. Microsoft ya rufe na Xbox 360 a ranar 29 ga Yulin 2024. Sony ya sanar da rufe na PlayStation 3 da PlayStation Vita a 2021, sai da jama'a suka yi ca a kansa ya janye. Akwai ɗaruruwan wasanni da ba a taɓa buga su a faifai ba, a waɗannan shaguna kaɗai suke, an rufe ƙofa suna ciki. Mafi muni shi ne abin da ya sami The Crew, wasan tseren mota da Ubisoft ya fitar a 2014. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin ya kashe kwamfutocin da wasan ya dogara da su, wanda ya saya da kuɗinsa ya wayi gari da faifan da ba ya komai. Wannan ya sa wani Ba'amurke mai tashar YouTube, Ross Scott, ya fara gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, kuma takardar koken da aka shigar wa Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan 1 a watan Yulin 2025.

Masu cewa emuleta kayan ɓarayi ne ya kamata su duba abin da kotu ta yanke. A 1999 kamfanin Connectix ya fito da manhajar da ke kunna faifan PlayStation a kwamfutar Mac, Steve Jobs da kansa ya nuna ta a dandali. Sony ya garzaya kotu. A 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce binciken da Connectix ya yi wa tsarin na'urar domin gina tasa manhajar bai saɓa wa doka ba. Wani ƙaramin kamfani mai suna Bleem shi ma ya yi nasara a kan Sony, amma kuɗin lauyoyi ya durƙusar da shi, ya rufe a 2001. Manhajar Connectix kuwa Sony ya saye ta ya binne. Bayan shekara goma sha bakwai, a watan Disamban 2018, Sony ya fitar da PlayStation Classic, ƙaramin akwati mai tsofaffin wasanni 20. Da aka duba cikinsa, sai aka tarar emuletar 'yan sa kai ce mai suna PCSX ReARMed ke kunna su. Nintendo ma, wanda ya fi kowa zafi a kan batun, da emuleta yake sayar da tsofaffin wasanninsa tun zamanin Wii, da ita kuma yake ba da hayar wasannin NES da Super Nintendo da Nintendo 64 ga masu biyan kuɗin shekara. Fasahar da kamfani ke cin abinci da ita ba za ta zama haram don wani ya riƙe ta ba.

Duk da haka, kamfanonin suna da gaskiya a wani wuri, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. A watan Fabrairun 2024 Nintendo ya maka masu manhajar Yuzu a kotu. Yuzu ba tsohuwar na'ura take kwaikwayo ba, Switch take kwaikwayo, wadda ake ci gaba da sayarwa a kasuwa a lokacin. Nintendo ya ce an sauke sabon wasansa na Zelda, Tears of the Kingdom, fiye da sau miliyan 1 ta ɓarauniyar hanya tun kafin ranar fitowarsa a watan Mayun 2023. Cikin kwanaki kaɗan masu Yuzu suka amince su biya dala miliyan 2.4 su rufe. Wasan da ɗaruruwan ma'aikata suka shafe shekaru suna yi, yana kan kanta ana sayarwa, wanda ya kwashe shi bai biya ba ya ci gumin wani. Kiran wannan adana tarihi ɓata sunan masu adana tarihin gaskiya ne. Abin takaicin shi ne guguwar ta tafi har da Citra, emuletar 3DS da mutanen suka yi, shekara guda bayan Nintendo ya rufe shagon 3DS ɗin da hannunsa.

To ina matsayin yaron da ke dakali? A idon doka, fayil ɗin da ya karɓa daga abokinsa ba nasa ba ne. Amma wasan ƙwallo na PES 2014 shi ne na ƙarshe da kamfanin Konami ya yi wa PSP, masu sha'awa ne ke sabunta sunayen 'yan wasa da riguna duk kaka. Babu kantin da yaron zai je ya miƙa kuɗi a ba shi sabon kwafi, babu kuma cinikin da ya hana kamfanin yi. Dokar Amurka tana kare abin da kamfani ya mallaka har shekara 95. Super Mario Bros. na 1985 ba zai zama na kowa ba sai wajen 2080. Babu tabbacin kaset ko faifai zai kai wannan lokaci da ransa.

Ɗakunan karatu, waɗanda aikinsu ke nan, an ɗaure musu hannu. A Amurka an yarda su adana wasa, amma mai bincike sai ya taka zuwa ginin da ƙafarsa kafin ya taɓa shi. Sun nemi a ba su damar nuna wa masu bincike daga nesa wasannin da suka bar kasuwa, kamar yadda ake yi da littattafai da finafinai. Ƙungiyar manyan kamfanonin wasanni ta ESA ta yi tsaye ta ce mutane za su mayar da abin wurin shaƙatawa, kuma a watan Oktoban 2024 Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka ya ƙi amincewa da buƙatar. Ma'ana, ɗalibin da ke Sakkwato ko Yamai yana nazarin tarihin wannan sana'a ba shi da halastacciyar hanya sai tikitin jirgi.

Da kamfanonin amintattun masu ajiya ne, da da sauƙi. Tetsuya Nomura na Square Enix ya bayyana a 2013 cewa asalin kayan aikin wasan Kingdom Hearts na farko sun ɓace, sai da ma'aikata suka sake gina abubuwa da yawa kafin a sabunta wasan, alhali shekararsa goma sha ɗaya kacal a lokacin. Masana'antar fim ta riga ta bi wannan hanya. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun salwanta kwata-kwata, da yawansu saboda masu su ba su ga ribar ajiye su ba. Mai kallon finafinan Hausa ba baƙo ba ne ga wannan ciwo. Masana'antar da ta fara da Turmin Danya a 1990 ta yi shekarunta na farko a kan kaset ɗin bidiyo, wanda zafi da ƙura da danshi ke ci, na'urar kallonsa ma yanzu sai an tona.

Mafita ba ta gagara ba. Shagon GOG na ƙasar Folan tun 2008 yake sayar da tsofaffin wasannin kwamfuta da yardar masu su, da yawa a naɗe cikin emuletar DOSBox, kuma wanda ya saya zai iya ajiye kwafinsa ba tare da wani ya zo ya kashe masa ba. Ya nuna cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma mutane za su biya idan an ba su inda za su biya. Tarayyar Turai ta saka tanadi a dokar haƙƙin mallaka ta 2019 da ke sauƙaƙa wa gidajen tarihi da ɗakunan karatu fito da ayyukan da suka bar kasuwa. Abin da ake nema a wurin kamfanoni shi ne su sayar da tsohon wasa sayarwa ta gaskiya, ba haya kaɗai ba, kuma duk wasan da za su daina kula da shi su bar shi yadda zai ci gaba da aiki a hannun wanda ya saya. Abin da ake nema a wurin 'yan majalisa shi ne doka ta bambanta wasan da ke kan kanta da wanda mai shi ya yi watsi da shi shekara da shekaru. Masu wasa kuma nasu nauyin shi ne su biya kuɗin abin da ake sayarwa, domin da wannan kuɗi ake biyan masu zane da masu rubuta manhaja.

Lokaci kuwa ba ya jiran a gama shawara. Tun watan Satumban 2018 Sony ya rufe sashen gyaran PlayStation 2 a Japan, inda aka haife ta. Mai gyara a kasuwa yana ci gaba da farke matattu domin raya masu rai, amma kowace shekara matattun da zai samu raguwa suke yi. Wasu 'yan sa kai sun fara rubuta mata emuletar PCSX2 a farkon shekarun 2000, lokacin da na'urar ke sabuwa fil, ba su daina ba har yau. Kasuwa tana riƙe da kimanin kashi 12 na wasannin PlayStation 2. Manhajarsu tana kunna kusan dukkansu, har da ƙwallon da aka riƙa bugawa a kan bencin gidan gem.